Jirgin Da Ya Sauka A Gonar Dikko

Shafi na 9

Fankama ce za a yi wa hukunci a shafin nan. Son a ce kai wani ne, alhali kai ma ka san ba kowa ba ne. Masu turo mini saƙo wai in sassauta wa Zaharaddini, wai ai wasa ya yi, ku buɗe kunne. Wargi wuri gare shi. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, kuma dutse ba ya tambayar wa ya yi kukan.

Hantsi ya ɗaga a Talata Mafara. Zaharaddini mai ɗaukar hoto bai fita shago ba, yana durƙushe gaban kabad ɗinsa mai gilashi, yana share jiragensa da gashin kaza.

Goma sha ɗaya ne. Jirage masu saukar ungulu, zubin ƙarfe, kowanne bai wuce tsawon hannu daga wuya zuwa yatsa ba, amma an kwaikwayi na yaƙi sak, har ƙusoshin jikinsu. Akwai mai farfela biyu, gaba da baya. Akwai na sojan Amurka na zamanin da, mai ƙofar da ake turawa gefe. Akwai na Rasha, mai kumburin gilashi biyu a goshi kamar idon kwaɗo, an yi masa fenti ruwan ƙasa da kore. Wanda ya fi tsufa kuwa fentinsa duk ya goge. Wani Bature cikin waɗanda suka gina dam ɗin Bakolori ya ba mahaifinsu, lokacin yana tuƙa shi. Daga wannan ɗaya ciwon ya kama Zaharaddini, ya yi ta odar sauran ta waya har kabad ya cika.

Sallama ɗaya aka yi a ƙofa, ba a jira amsa ba aka ɗaga labule.

Mutumin ƙasarmu in ya tsallake gaisuwa, to tambayi wa ya mutu.

Asabe ce, matar yayansa Dikko, daga Gidan Nagode can bayan Damri. Mayafinta a karkace, ƙafafunta fari fat.

"A'a, matar Yaya! Ke ta da hantsin ga? Ina kwana, ina ga..."

"Aje gaisuwar, Dini. Sun kama yayanka."

Gashin kazar ya faɗi daga hannunsa.

"Su wa? Mutanen daji?"

"'Yan sa-kai. Tun jiya. Har cikin gida sunka shigo, shina alwala."

"Mi yay yi musu?"

"Ni kaka tambaya?"

Matarsa Nazifa ta shigo da kofin ruwa. Asabe ba ta ko dubi ruwan ba.

"Hoton da kad ɗauka gonarmu," in ji Asabe, "babu wayar da bai shiga ba daga Bakura har Maradun. An ɗora mishi murya. Wai ga jirgin da ka kawo ma ɓarayi bindigogi, ga shi ya sauka gonar Dikko. Kowa ya san kukar nan da aradu tat tsaga biyu. Ko makaho ya san gonarmu ta."



Ku da kuka biyo mu tun farko kun san yadda aka yi. Wanda ya shigo yanzu, ga shi a taƙaice. Abokansa na makaranta suka yi masa dariya a zaurensu na waya, wai ga gemu ga wasan yara. Abin ya ci masa rai. Ranar da ya leƙa gonar gadonsu, sai ya ɗora jirgin nan mai idon kwaɗo a kan kunya, ya kwanta rub da ciki, ya kusanto da waya har jirgin ya cika ido, kuka ta koma can baya. Wanda duk ya ga hoton sai ya rantse jirgin gaske ne ya sauka. Ya tura musu, ya rubuta a ƙasa: manyan baƙinmu sun iso, wanda ya san mu ya san mu.

Magana zarar bunu ce.

"Na nuna maka, Baban Hanifa," in ji Nazifa a hankali. "Ranar da muryar nan tas shigo wayata na nuna maka. Kac ce in bari, iska ta, za ta wuce."

"Ke, yi man shiru."

"Ba ni shiru. Daɗi kaka ji. Mai shayi na ce maka Na-sama, kana wani gyara hula."

Gaskiya ta faɗa. Tun da hoton ya fita ake tashi a ba shi benci. Ba wanda ya taɓa ji ya ce ƙarya ne, ba wanda ya ji ya ce gaskiya ne. Murmushi kawai yake yi, murmushin nan na wanda ya san manya.

"Yaya bai gaya musu abin wasa na ba?"

"Ya hwaɗi. Sunka yi dariya, sunka ƙara mishi. Sunka ce in abin wasa na, na wa na? Yak ƙi hwaɗin sunanka." Muryar Asabe ta karye. "Da anka bar ni nik kai mishi hura, abin da yac ce man ke nan, kada in zo Mahwara. Ga ni na zo. Ya sake ni in ya so, in dai shina da rai."

"To... to bari in ɗauki hoton jiragen nan duka cikin kabad, in tura ma kwamandansu. Da ya gani..."

"Hoto?"

Ta matso har yana jin hucinta.

"Hoto yas sa mu cikin wanga hali, kuma hoto za ka aika? Kwamanda Sharhabilu ya ce in la'asar ta yi ba a kawo mishi abin da ido ka gani hannu ka taɓawa ba, za su tahi da Dikko bakin rafi. Ka san wanda anka kai bakin rafi ba a kawo ko takalminai."

Zaharaddini ya dubi kabad. Ya miƙa hannu ya ɗauko mai idon kwaɗo shi kaɗai, zai rufe gilashi.

Nazifa ta tare ƙofar kabad ɗin da hannu.

"Duka."

"Wanga kaɗai na cikin hoton."

"In ka kai ɗaya, su ce a hanya kas saye shi don ka hid da ɗan'uwanka. In sun ga goma sha ɗaya, har da na Baba mai gogaggen fenti, sun san tsohon ciwo na. Duka."

Ita ta jawo kwalin taliya, ta yage tsohon zane, ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Shi yana tsaye cikin shuɗiyar rigarsa kamar an dasa shi.

Mai babur ya kai su Damri, ya ce nan ya tsaya, ko nawa za a ba shi ba ya wucewa. Suka kama hanyar ƙafa, Asabe gaba, shi baya da kwali a ka.

Kaka ce, amma ba waƙar masu yankan dawa, ba jaki da kaya. Dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, tsuntsaye ne kaɗai ke girbi. Duk karan da ya motsa sai Zaharaddini ya waiga. Asabe ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya.

A ƙofar zauren mai gari, Malam Balarabe, mutane sun yi cirko-cirko.  Da suka ga kwali sai suka dare.

Dikko na zaune a ƙasa, an ɗaure ƙafarsa a turken jaki. Idonsa ɗaya ya rufe. Hannunsa na dama yana kan cinyarsa, ya kumbura kamar kabewa, yatsun sun juya inda Allah bai juya su ba.

Ya ɗaga ido ɗayan, ya wuce ƙanensa, ya dire kan matarsa.

"Na ce miki kada ki tahi."

"Ka ce."

 Zaharaddini ya durƙusa gaban mai gari.

"Ranka shi daɗe, ina wuni."

"Lahiya," in ji tsohon, bai ƙara ba.

Wani dogon mutum ya taso daga kan turmi, bindiga a kafaɗa, layu sun zagaye damtsensa. Shi ne Sharhabilu, kwamandan 'yan sa-kai. 'Ya'yansa biyu mutanen daji suka kashe a gona, tun ranar ba wanda ya sake ganin haƙoransa.

"Kai wa?"

"Ƙanenai na. Ni nad ɗauki hoton."

Wurin ya ɗauki gunaguni. Zaharaddini ya ji ƙarar ƙarfe a bayansa, wani ya gyara bindiga.

"Buɗe."

Ya kwance tsummokaran, ya jera jiragen a kan tabarmar mai gari. Rana ta haska fentinsu. Wani daga baya dariya ta kuɓuce masa, ya yi sauri ya haɗiye.

Sharhabilu ya ɗauki mai idon kwaɗo da yatsu biyu, ya auna nauyinsa, ya juya farfelar.

"Wanga?"

"Shi na, Kwamanda."

"Wanga ɗan abu da bai kai ɗan tsako ba, shi na yak kai rabin kuka cikin hoto? Ni za ka mayar yaro?"

"Wallahi shi na. Abin da yak kusanci idon waya shi ka girma. Ka sa yatsanka gaban idonka, sai ya ruhe maka masallaci."

"Yatsana bai taɓa tada ƙura ba."

Mai gari ya yi gyaran murya.

"Kwamanda, gani ya kori ji. A kai shi gonar, shi sake yin abin da yac ce ya yi, gaban idonmu."

 Gonar Dikko ita ce ta ƙarshe kafin rafi, bayan rafi kuma daji ne. Tun da jirgin soja ya yi ruwan wuta a cikin dajin nan, ba wanda ya ƙara taka wajen.

"In sun gan mu hwa?" wani ya tambaya.

"Ran mutum anka aza bisa wagga magana," in ji mai gari. "Ni zan shiga gaba."

Sharhabilu ya cire hularsa ya miƙa.

"Kowa shi sa wayatai nan. Ban san wa ka kai rahoto daji ba cikinku. Ba mai ɗaukar komi."

Aka tara wayoyi aka bari a zaure. Ta Zaharaddini kaɗai aka ɗauka, tana hannun Sharhabilu. Sai 'yar ƙaramar mai gari, mai maɓallai, da ke cikin aljihunsa, wadda ba wanda ya isa ya ce ya ciro. Aka kwance Dikko daga turke. Asabe ta biyo, aka ce ta koma, ta yi kamar ba da ita ake ba.

Ga kukar nan tsaye, tsagaggiya tun daga sama har gindi. Rabin dawar an yanke, dammuna a zube inda aka bar su. Bayan rafi daji ya yi baƙi ƙirin, ko kukan tsuntsu babu.

'Yan sa-kai suka ja layi, bakin bindigoginsu na duban daji, idanunsu na duban Zaharaddini.

"Yi maza," in ji Sharhabilu, ya cilla masa wayar.

Ya ɗora jirgin a kan kunya. Ya kwanta rub da ciki, haɓarsa a ƙasa, ya miƙa wayar gaba, kuka da daji suna can bayan jirgin.  Ya ja numfashi ya danna.

Sharhabilu ya fizge, ya duba sabon, ya koma tsohon, ya dawo.

"Ya yi girma, ban musa ba. Amma wanga matacce na. Na hwarko hwarhelatai na juyawa, ƙura na tashi ƙarƙashinai. Naka ya yi tsaye awa mushen kaza."

"Ai... ai ƙurar watsa ta anka yi."

"Wa yaw watsa? Hannu biyu gare ka, duka suna bisa waya. Na gani da idona yanzu."

Sharhabilu ya matso kusa da shi.

"Ashe akwai na biyunka. Wa na?"

Bakin bindiga ya taɓa ƙeyarsa. Sanyin ƙarfen ya bi ta bayansa har tafin ƙafa.  In ya faɗa ya ƙara wa ɗan'uwansa, in ya yi shiru ya mutu a kwance.

"Ni na."

Kowa ya juya. Dikko ne.

"Ni nak kaɗa mishi hwarhelar da yatsa, nid ɗebi ƙasa niw watsa, nij ja baya. Munka duba hoton munka yi dariya har da hawaye. Na ɗauka wasa na tsakanina da ƙanena. Ban san zai tura ma duniya ba."

Sharhabilu ya daɗe yana kallonsa.

"Ka san duk wanga, kab bari munka yi maka haka?"

"Na gaya muku abin wasa na. Kunka ce na wa. Nan kaɗai nir riƙe bakina."

"Don mi?"

"Da na hwaɗi, da kun tahi Mahwara tun jiya, kuma ba tambaya za ku yi ba. Shina rarrahe uwarmu tab bar man shi."

Zaharaddini ya kifa fuskarsa cikin ƙasa. Da ƙasar ta tsage da ya gode mata.

"A sake," in ji mai gari. Aka mayar wa Zaharaddini wayar.

Dikko ya tako da ƙyar, ya durƙusa gefen kunya. Hannun dama ba ya moruwa. Da na hagu ya kaɗa farfelar, ta hau juyawa, ya damƙi ƙasa ya watsa, ya ja jiki baya yana cije leɓe.

Zaharaddini ya danna.

Sharhabilu ya karɓi wayar ya duba. Ya miƙa wa mai gari. Mai gari ya miƙa wa na kusa da shi. Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu, kowa ya duba sai ya dubi ɗan ƙarfen da ke kan kunya, ya sake duban waya. Ga jirgin yaƙi nan ƙato, farfela na juyawa, ƙura ta turnuƙe, kuka a bayansa.

"A'uzu billahi," in ji wani dattijo, har ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Innalillahi," in ji mai gari. "Wanga abu munka kusa kashe mutum a kai."

Asabe ta zube gefen mijinta, ta tallabi hannun da ya karye, sai a lokacin ta fashe da kuka.

Mutum in ya ga ya yi zalunci gaban jama'a, ba kasafai yake neman gafara ba. Abin da zai huce a kai yake nema. Fuskar Sharhabilu ta yi baƙi, jijiyar wuyansa ta tashi. Bai iya duban Dikko ba.

"Ina kwalin?"

Aka miƙo. Ya zazzage jiragen a ƙasa, ya shuri na kan kunya ya haɗa da su.

"Ku kawo kara."

"Kwamanda," in ji mai gari, "kada ka hura wuta nan. Hayaƙi..."

"Baba, abin da yas sa nik karya hannun mai salla ba shi kwana duniya."

Aka tula busasshen kara. Zaharaddini ya rarrafo.

"Don Allah, Kwamanda, ka bar man mai gogaggen fentin nan. Na mahaihinmu na. Shi kaɗai. Yaya, sa baki."

Dikko ya juyar da kai wajen rafi.

Aka ƙyasta ashana.

Karan kaka ba ya jiran roƙo. Wuta ta tashi fuu. Fentin ya yi ƙuraje ya fashe. Idon kwaɗon ya lanƙwashe ya ɗige. Farfeloli suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya. Sharhabilu na ƙara kara, yana tonawa da sanda, har ƙarfen ya saki jiki ya malale cikin toka kamar dalma. Ya ɗaga wayar Zaharaddini, mai ɗauke da tsohon hoto da sabo.

"Wagga ita ta uwar ƙaryar."

Ya jefa ta tsakiyar wuta. Ta yi tau, ta fashe.

Hayaƙi baƙi ya miƙe sama sambal, ya wuce kan kuka. Iska ko kaɗan babu.

Sai aljihun mai gari ya hau ƙara.

Tsohon ya ciro 'yar wayar, ya dubi lambar. Duk mai garin da ke bakin daji ya san lambar da ba a ƙin ɗauka. Irin wayar nan kuwa muryarta kamar lasifika take, kowa na ji.

"Salamu alaikum, Baba mai gari."

Murya ce ta saurayi, a kwance, ba gaggawa.

"Wa alaikumus salam."

"Ina wuni?"

"Lahiya."

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya jama'a? Ya kaka, an samu shiga gona?"

"Mun gode Allah."

"Madalla. Baba, hayaƙi munka gani gonar da jirgi ka sauka."

Ba wanda ya motsa. Har kukan Asabe ya tsaya.

"Jirgin da yaƙ ƙone muna wuri, yak kashe man ƙane. Mun ga hotonai, mun ga kukar. Tun ranar muke son mu san wa yak kira shi."

"Ɗana, saurara," in ji mai gari. "Ba jirgi na ba. Wallahi abin wasa na, ɗan ƙarhe, bai kai tahin hannu ba. Yaro na yay yi dabarar hoto. Yanzun ga munka tabbatar."

"Abin wasa?"

"Abin wasa."

"To ai abu ya yi sauƙi, Baba. Ɗaga shi sama mu gani. Muna kallonku."

Duk idanu suka tafi bakin rafi. Ba kowa. Itatuwa ne kawai, baƙi ƙirin.

Sannan idanun suka dawo kan toka.

Sharhabilu ya sa sanda ya tona. Abin da ya fito dunƙulen ƙarfe ne, fari-fari, ba kai ba wutsiya. Ya sake tonawa. Wani dunƙulen.

"Baba, ba ka ɗaga ba."

"An... an ƙone shi."

Aka yi 'yar dariya a wayar.

"An ƙone shi. To a nuna muna ko hoton da ka ce kun tabbatar da shi."

Mai gari ya dubi inda wayar ta fashe. 

"Shi ma an ƙone, ko? Baba, girmanka ya wuce haka. Mu abin da munka gani da idonmu, mai shuɗiyar rigar nan ya kwanta rub da ciki, shina auna dajinmu da waya har sau biyu. Haka masu nuna ma jirgi hanya ka yi."

Zaharaddini ya dubi rigar jikinsa. Ya zauna daɓas.

"Ba mu da magana da garinku yau. Ku bar muna shi gindin kuka, ku tahi gida ku yi la'asar. In kuwa kunka tahi da shi, za mu zo mu ɗauka har gida, kuma ba mu komawa da shi kaɗai."

Ƙit, aka kashe.

To, masu cewa wasa ya yi, ku zo mu ƙirga abin da fankama ta ci wa Zaharaddini kafin la'asar.

Jirage goma sha ɗaya, har da gadon ubansa, sun zama dalma cikin toka.

Wayar da yake neman abinci da ita ta fashe.

Hannun daman yayansa, wanda ya goya shi, ya karye ana tsakiyar kaka.

Gonar gado ta zama wurin da ba mai sake sa mata fartanya, dawar da ke cikinta ta tsuntsaye ce.

Sunan Na-sama da ya saya da duk waɗannan, ko gaban mai shayi ba zai ƙara amsa shi ba.

Shaidar da za ta wanke shi wajen mutanen daji, shi ya ɗauko ta a ka tun daga Mafara, ya kawo ta inda aka ƙone.

Abu ɗaya ya rage masa, yana cikin shuɗiyar riga yana kyarma.

"Yaya," ya ce. "Yaya, don Allah."

Dikko ya yunƙura zai tashi, Asabe ta riƙe shi gam da hannu biyu.

Mai gari ya sunkuyar da kai. Ɗan sa-kai na ƙarshen layi ya saɓa bindigarsa ya juya wajen gari. Na kusa da shi ya bi.

Daga bayan rafi, babur ɗaya ya tashi. Sai na biyu.